Kundin aiki: faya-fayan murya da okestira na Amurka a ƙarni na 20

4 ga Nuwamba, 2024

Mun tsayar da iyakar aikin. Abin da za mu bi shi ne waƙoƙin da masu tsara kiɗa na Amurka suka rubuta a ƙarni na 20 don murya ɗaya ko 'yan muryoyi kaɗan tare da babbar ƙungiyar makaɗa, wato okestira. Opera ba ta ciki, domin ita kaɗai za ta cinye aikin. Waƙar murya da piyano ma ba ta ciki, sai in mai ita ne da kansa ya mayar da ita ta okestira daga baya, kamar yadda Aaron Copland ya yi sau da dama.

Aiki biyu ne ke tafiya tare. Na farko rubuta kundin kowane naɗi. Na biyu kwafe faya-fayan da ke hannu zuwa kwamfuta ba tare da an sauya yadda murya take zaune a cikin kiɗan ba. Wannan zaman shi ne zuciyar irin wannan waƙa. Mai tsara kiɗan ya yanke shawara a kansa sa'ad da yake rubutu, jagoran makaɗa ya sake yankewa a ɗakin naɗi, injiniyan da ya kafa makirufo ya ƙara tasa. Hannu uku sun isa, ba ma son namu ya zama na huɗu.

Kowane naɗi zai sami layi guda a kundi, ɗauke da sunan waƙa, sigar da aka rera, mawaƙi, ƙungiya, jagora, shekarar naɗi, shekarar fitowa, kamfani, da lambar da aka karce a filin da ke tsakanin ƙarshen tsagi da takardar tsakiyar faifai. Shekarar naɗi da ta fitowa gida biyu ne daban, kada a haɗa su. Bangon faifai yakan nuna ta fitowa kawai, alhali wani naɗin yakan kwana shekara biyu ko uku a ma'ajiyar kamfani. Gidan "siga" ne zai fi ba da wahala, kuma shi ya fi amfani, tun da kusan duk manyan waƙoƙin da ke jerinmu suna da fuska fiye da ɗaya.

18 ga Nuwamba

Kayan aiki sun zauna. Injin juya faifai na farko irin wanda kwaz (ɗan dutsen nan da ke daidaita agogon lantarki) ke riƙe masa gudu ne, kuma ba don ado aka zaɓe shi ba. Tsofaffin injinan Amurka da yawa motarsu tana bin bugun wutar lantarki, an kuma ƙera su don wuta mai 60 Hz. A jona irinsu da wutarmu mai 50 Hz, ko da an sauke ƙarfin wutar da taransifoma, gudun zai faɗi zuwa kashi biyar cikin shida: juyi 33⅓ a minti ya koma kusan 27.8, muryar ta sauka kusan rabin mataki sau uku a ma'aunin kiɗa. Wannan kowa zai ji. Wanda ba a saurin ji shi ne kuskuren kashi 1 cikin 100, wanda ke kai sauti sama ko ƙasa da kusan santi 17 (santi 100 ne rabin mataki), ya isa ya sa muryar mace ta yi tsami ko ta yi nauyi. Gwaji mafi sauƙi: a manna ɗan tef a bakin farantin, a ƙirga. Juyi 100 ya kamata ya cika daidai daƙiƙa 180.

Allura uku muke riƙe da su. Mai faɗin mil 0.7 (mil a nan kashi ɗaya ne cikin dubu na inci) don sitiriyo, mai mil 1 don LP, wato faifai mai dogon zango, na mono na shekarun 1950, sai mai mil 2.5 zuwa 3 don faya-fayan 78, masu juyi 78 a minti. Nauyin da ke kan allura giram 2 ne a LP, kuma da ƙaramin sikeli ake auna shi, ba da lambar da ke jikin hannun injin ba. Mutane suna tsoron nauyi, suna ragewa. Allurar da ta yi sauƙi fiye da kima ita ce ke tsalle a cikin tsagi idan mawaƙiya ta ɗaga murya, tana dukan bango, ta bar rauni na dindindin.

Ana naɗa komai a 96 kHz da bit 24, tasha biyu, a fayil ɗin WAV irin na gidajen rediyo mai ɗauke da bayanan naɗi a cikinsa. Minti ɗaya yana cin kusan megabait 35, awa ɗaya kusan gigabait 2. Kololuwar sauti kada ta wuce -6 dB, kuma da wuri mafi ƙarfi a waƙar ake saitawa, ba da farkonta ba. Fayil ɗin farko ɗanye ne, ba a taɓa shi har abada. Duk gyara a kan kwafi ake yi, a rubuta abin da aka yi.

9 ga Disamba

Mun fara da waƙar da ta fi kowace yawan naɗi a jerin, Knoxville: Summer of 1915 ta Samuel Barber. Ya rubuta ta a 1947 bisa buƙatar mawaƙiya Eleanor Steber, a kan rubutun zube na James Agee, inda yaro ke tuna maraicen bazara a gidansu da ke jihar Tennessee, iyaye da dangi suna kwance a kan ciyawa suna hira. Steber ce ta fara rera ta a Afrilun 1948 tare da okestirar Boston ƙarƙashin Serge Koussevitzky. Waccan sigar ta babbar ƙungiya ce. Barber ya rage ta zuwa ƙaramar ƙungiya: sarewa, obo, kilarinet, basun, ƙaho biyu, kakaki ɗaya, haf, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku, da kayan tsirkiya. An fara jin wannan sigar a Dumbarton Oaks da ke Washington a 1950, kuma ita ce aka saba naɗawa. Naɗin Steber na 1950 na kamfanin Columbia, da William Strickland a jagoranci, na ƙaramar sigar ne.

Matsalar bugun farko na wannan naɗi ita ce tsarin daidaita sauti. Kafin a yanka faifai ana rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, sai na'urar saurare ta juya abin. Tsarin RIAA da duk na'urorin yau ke bi sai a 1954 aka amince da shi. Kafin nan Columbia, wadda ta fito da LP a 1948, tana da nata. A nata ana rage 10 kHz da dB 16 wajen saurare, a RIAA kuwa 13.7. Haka nan nata yana daina ƙara kauri a wajen 100 Hz, RIAA yana ci gaba har 50 Hz. Don haka idan aka saurari tsohon bugun Columbia ta RIAA, abu biyu ke faruwa lokaci guda: harafin "s" na mawaƙiya ya yi kaifi yana tsira kunne, manyan kayan tsirkiya na ƙasa kuma su kumbura su rufe rausayar da waƙar ta buɗe da ita. An daɗe ana cewa muryar Steber a wannan faifai tana da tauri. Da aka juya fayil ɗinmu da tsarin Columbia, rabin taurin ya tafi. Hanyar ita ce a naɗa ba tare da wani tsari ba in na'urar ta yarda, in ba ta yarda ba a cire RIAA a manhaja sannan a ɗora na Columbia.

Amma a lura da bugu. Wannan naɗin an sake fitar da shi daga baya, har da a ƙarƙashin Odyssey, wani tambarin Columbia, kuma duk abin da aka sake yankawa bayan tsakiyar shekarun 1950 RIAA ne. Shekarar yanka ake bi, ba shekarar naɗi ba. Haruffan farkon lamba suna taimakawa wajen rarrabe mono da sitiriyo: ML da MS a Columbia, LM da LSC a RCA. Duk bangon da ya ce an mayar da mono sitiriyo ta hanyar lantarki, a rubuta shi a kundi amma kada a kwafa daga gare shi. Abin da ake yi shi ne raba siririn sauti gefe ɗaya, kauri gefe ɗaya, a ƙara amsa-kuwwa, sai muryar ta dinga yawo tsakanin lasifika biyu duk sa'ad da ta hau ko ta sauka.

Faifan mono ma da tasha biyu muke naɗa shi. Bangon tsagi ɗaya yakan fi ɗaya lalacewa, sai a saurari kowanne shi kaɗai. In sun yi daidai a haɗa su, hayaniyar da ke zuwa daga motsin sama da ƙasa ta soke kanta. In ɗaya ya ci wuta, a ɗauki mai lafiyar.

6 ga Janairu, 2025

Hunturu ya tsananta, aikin kwafa ya ragu, wanki ya ƙaru. Busasshiyar iska tana tara wa roba lantarki, faifan ya jawo ƙura yana kan juyawa, kuma tartsatsin kansa yana shiga naɗi kamar ƙas-ƙas ɗin datti. Bambancinsu: ƙas ɗin datti ko karce yana dawowa wuri ɗaya in an sake kunnawa, na lantarki ba ya dawowa.

Ruwan wanki: mililita 2 na sinadarin wanki Tergitol 15-S-7 a cikin lita 4 na tataccen ruwa. A shafa da buroshi mai laushi ana bin tsagi, a bar shi ɗan lokaci, a tsotse da inji, a ɗauraye da tataccen ruwa zalla har sau biyu, a tsayar da faifan ya bushe. Ruwan famfo yana barin gishiri a gindin tsagi. Ɗaurayar da aka yi wa rowa tana barin sabulu, allura ta tara shi ta zama dunƙule kafin a kai rabin fuska, siririn sauti ya dusashe a hankali. Faya-fayan 78 na shalak ne, wani irin ƙaro, sinadarin alkohol yana narkar da su, ko ɗigo kada ya taɓa. Tsohuwar rigar takarda a ajiye ta daban saboda bayanan da ke jiki, faifan ya shiga sabuwa mai rufin leda. A tsaye ake jera su, nesa da taga. Zafin Maris da Afrilu yana tanƙwara faifan da aka jingine a karkace.

27 ga Janairu

Sauran naɗe-naɗen Knoxville. Leontyne Price ta naɗa a 1968 a Landan da New Philharmonia ƙarƙashin Thomas Schippers, kamfanin RCA, ɗaya fuskar kuma fage biyu ne daga operar Barber ta Antony and Cleopatra. Dawn Upshaw ta naɗa da Orchestra of St. Luke's ƙarƙashin David Zinman, Nonesuch ta fitar a 1989, faifan ya ci kyautar Grammy. Akwai na Sylvia McNair da Yoel Levi a Atlanta, na Barbara Hendricks da Michael Tilson Thomas a Landan, na Kathleen Battle da André Previn. Duka suna kusa da minti 16, wasu ƙasa kaɗan wasu sama.

Sauraron su a jere ya nuna cewa tambayar da kowace mawaƙiya ke amsawa ita ce wane ne ke magana. Steber tana tafiya da sauri, kalma tana gaba, kamar mai ba da labari a tsakar gida. Price, 'yar Mississippi, babba ce da ke waiwaye, muryar tana da faɗi da ɗumi, kuma a addu'ar da yaron ke yi wa iyayensa kusa da ƙarshe babu wadda ta kamo ta a wajenmu. Upshaw yaron ne da kansa, murya siririya, makirufo kusa, kowane baƙi a fili. Ga mai son sanin waƙar, da ta Upshaw za mu ce ya fara, domin zai ji duk abin da aka ce. Ga mai son sanin dalilin da Barber ya sadaukar da ita ga tunawa da mahaifinsa, Price.

Wurare biyu ke gwada kwafi. Na farko inda motar tarago ta titi ta wuce, kiɗa ya barke da sauri, kayan busa suna tartsatsi, mawaƙiya tana jero kalmomi masu yawan baƙaƙe. Na biyu nan da nan bayansa, inda dare ya sauka murya ta hau sama a hankali ta tsaya. A wannan dogon sauti ake jin faifan da ramin tsakiyarsa ya kauce: muryar tana lilo sau ɗaya a kowace daƙiƙa 1.8, wato kowane juyi. A dubi hannun allura daga sama, in yana kaɗawa hagu da dama to haka ne. Maganinsa a ɗaga faifan a kan tabarmar roba mai kauri yadda sandar tsakiya ba ta riƙe shi ba, a ɗan tura shi har kaɗawar ta tsaya.

Faya-fayan RCA da ke ɗauke da kalmar Dynagroove, tsarin da kamfanin ya shigo da shi a 1963, an yanka su ne da lissafin allura mai zagayayyen baki. Allurar zamani mai sirin baki tana iya fito da gurɓacewar da aka sa da gangan don ta soke ta waccan. A gwada duka biyun a ajiye duka biyun.

17 ga Fabrairu

Copland. A nan gidan siga ya nuna amfaninsa.

Old American Songs kashi biyu ne, kowanne waƙa biyar. Na farko na 1950 ne, Peter Pears da Benjamin Britten suka fara gabatar da shi a Aldeburgh ta Ingila. Na biyu na 1952 ne. Duka da piyano aka fara, okestira ta biyo baya a cikin shekarun 1950. William Warfield ya naɗa su da Copland sau biyu: da farko Copland na kan piyano, sannan a 1962 Copland na jagorantar Columbia Symphony Orchestra. Suna ɗaya, mawaƙi ɗaya, kamfani ɗaya, kuma mun ga jeri a intanet da ya haɗe su a layi guda. Na 1962 kaɗai ke cikin aikinmu. Warfield yana rera su ba tare da ƙawa ba, kuma a "At the River" ya bar waƙar ta tsaya da ƙafarta. Thomas Hampson, da Hugh Wolff da Saint Paul Chamber Orchestra a Teldec, ya fi wasa da murya, abin da ya dace da "The Dodger" fiye da waƙoƙin ibada. Akwai bayanin da ya wajaba ya shiga kundi: "The Boatmen's Dance" da "Ching-a-Ring Chaw" daga wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata suka fito, kuma Copland ya sake rubuta kalmomin ta biyun don ya raba ta da wannan asali.

Waƙoƙin Emily Dickinson sun fi rikitarwa. Goma sha biyu daga baitukan wannan marubuciya Copland ya tsara da piyano tsakanin 1949 da 1950. Takwas daga ciki ya mayar na ƙaramar okestira, aikin da ya ɗauke shi daga 1958 zuwa 1970. Huɗun da ya bari su ne "Why do they shut me out of Heaven?", "When they come back", "I felt a funeral in my brain" da "I've heard an organ talk sometimes". Saboda haka lambar waƙa ba ta nufin komai sai an faɗi sigar: ta uku a jerin piyano ba ita ce ta uku a jerin okestira ba. A kundi da layin farko muke kiran kowace.

A nan ne kuma muka tsayar da doka game da manhajar cire ƙas-ƙas. Manhajar tana neman sauti gajere mai tashi farat ɗaya, abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Haruffan "t" da "k" da "p" a ƙarshen kalmar Turanci haka suke, haka ma bugun haf da farkon busar kakaki. In aka sake mata mara sai ta share su tare da dattin, wasula su rage su kaɗai, abin ya zama kamar rigar da aka dirza har rini ya fita. Baitukan Dickinson gajeru ne, ma'anarsu takan rataya a kan baƙi guda. Dokar ita ce: inda murya take, da hannu ake cirewa, ɗaya bayan ɗaya, ana kallon hoton sautin. Inda kiɗa ne zalla, manhaja a mataki mafi ƙasa. Kowane lokaci a saurari abin da aka cire shi kaɗai. In ana jin inuwar kalma a cikinsa, an wuce gona da iri. Hucin tef na asali ba ma taɓa shi ko kaɗan.

3 ga Maris

Simfoni ta farko ta Leonard Bernstein, Jeremiah, wadda ya gama a 1942 ya kuma fara jagoranta a Pittsburgh a Janairun 1944 da Jennie Tourel. Murya ba ta shiga sai a kashi na uku, inda ake rera ayoyin littafin Makoki na Baibul da Ibrananci. Ya naɗa ta sau uku: 1945 da okestirar St. Louis da Nan Merriman a RCA Victor, 1961 da New York Philharmonic da Tourel a Columbia, 1977 da Israel Philharmonic da Christa Ludwig a Deutsche Grammophon. Mutum ɗaya, waƙa ɗaya, shekara 32 tsakanin na farko da na ƙarshe, kuma makokin ya ƙara nauyi da faɗi yayin da ya manyanta. Tourel ce ta fi shiga cikin kalmomin, Ludwig ta fi kyan murya.

Na 1945 a faya-fayan 78 ya fito, shi ya sa ya ci mana lokaci. Fuskar faifai mai inci 12 tana ɗaukar minti huɗu da 'yan kai, don haka simfoni mai kusan minti 25 dole a yanyanka ta. Kundin RCA Victor mai alamar DM an jera shi ne don injin da ke sakin faifai da kansa: fuskar farko da ta ƙarshe suna kan faifai ɗaya, ta biyu da ta kusa da ƙarshe a ɗaya. Wanda ya juya faifai yana zaton ci gaba ne zai faɗa ƙarshen waƙa. Gudun ma ba 78 cif ba ne. A ƙasashen 60 Hz 78.26 ne, a na 50 Hz 77.92, kuma na farko muke bi tun da a Amurka aka yanka.

Haɗa fuskoki shi ne gwanintar. Ƙarshen fuska yana kusa da tsakiya, inda tsagi ke wucewa ƙarƙashin allura a hankali, siririn sauti ya dusashe. Farkon ta gaba yana baki, sauti tas. In aka manna su kai tsaye kunne zai ji kamar an buɗe ƙofa. Muna ɗan ɗaga siririn sauti a hankali a daƙiƙa 30 na ƙarshe, mu haɗa a cikin sautin da makaɗa suka riƙe ko a numfashin mawaƙiya, kuma da takardar kiɗa a gabanmu, domin wani lokaci ana maimaita sauti ɗaya a ƙarshen wata fuska da farkon wata. Wannan gyara a kwafin saurare kaɗai yake. Ɗanyen kowace fuska yana nan da hayaniyarsa.

24 ga Maris

An yi muhawara a kan Lincoln Portrait ta Copland, ta 1942, tun da magana ake yi ba rerawa ba. Ta shiga, a rukuni na daban tare da Kaddish ta Bernstein. Masu karanta ta suna da yawa: Melvyn Douglas da Koussevitzky, Carl Sandburg da André Kostelanetz wanda shi ya nemi a rubuta ta, Adlai Stevenson da Eugene Ormandy, Henry Fonda da Copland, Katharine Hepburn da Erich Kunzel, James Earl Jones da Gerard Schwarz. Mun ƙara gida ɗaya a kundi: shin tare aka naɗa murya da makaɗa, ko daban. A na Fonda an naɗa okestira a Landan, muryar aka ɗora daga baya, kuma ana ji da abin saurare na kunne, domin makaɗa suna cikin babban zaure mai amsawa, shi kuma yana magana a busasshen ɗaki. Ba za mu ƙara masa amsa-kuwwa ba. Haka aka yi shi.

Kaddish ma siga biyu ce, ta 1963 da gyararriyar 1977, kuma an taɓa rubutun mai magana. Naɗin Columbia da Felicia Montealegre na farkon ne, na Deutsche Grammophon da Michael Wager da Montserrat Caballé na biyun.

14 ga Afrilu

An koma CD. A nan babu allura, amma akwai tarko biyu. Wasu CD na farkon shekarun 1980 an ƙara musu siririn sauti da gangan, da alamar da ke gaya wa na'ura ta rage. Manhajar kwafa da yawa ba ta kula alamar, fayil ya fito da kaifi har kusan dB 10 a can sama. A duba alamar kafin a kwafa. Na biyu, kowane kwafi a gwada shi da AccurateRip, tsarin da ke kwatanta shi da kwafin da wasu suka yi na CD ɗin, sannan a ajiye lambar tantancewa ta kowane fayil a rumbu biyu da ba sa ɗaki ɗaya.

Abubuwan da suka shiga kundi a wannan zagaye: Andromache's Farewell ta Barber, da Martina Arroyo da Schippers a 1963. The Wound-Dresser ta John Adams a kan baitukan Walt Whitman game da jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka, da Sanford Sylvan, Adams na jagoranci, Nonesuch 1989. Honey and Rue ta Previn a kan kalmomin Toni Morrison. Final Alice ta David Del Tredici, da Hendricks da Georg Solti a Chicago, wadda naɗin Decca ya yanke mata wani ɓangare, don haka aka rubuta "a taƙaice" a gidan siga. Time Cycle ta Lukas Foss, ta 1960, da Adele Addison da Bernstein, tana buƙatar kula: akwai sigar okestira, akwai ta makaɗa huɗu, sannan a tsakanin waƙoƙin akwai kiɗan nan take da ƙungiyar Foss ke yi, wanda ba ya cikin takarda. Kowane bugu sai a saurara a tabbatar ko yana ciki.

Mun faɗaɗa iyaka kaɗan saboda And They Lynched Him on a Tree ta William Grant Still, ta 1940, mai mawaƙiya ɗaya, mai ba da labari, da ƙungiyoyin amshi biyu, ɗaya ta Turawa ɗaya ta baƙar fata. New York Philharmonic ce ta fara gabatar da ita ƙarƙashin Artur Rodzinski, amma naɗin da muke da shi na Philip Brunelle ne daga Minnesota, na shekarun 1990. Kundin da ya bi yawan naɗi kawai zai cika da Barber da Copland ya manta da irin wannan, shi ya sa muka buɗe shafi na waƙoƙin da naɗinsu bai wuce ɗaya ko biyu ba.

Game da sakawa a intanet: dokar Amurka ta 2018 ta ba naɗin da ya fito tsakanin 1923 da 1946 kariyar shekara 100, na 1947 zuwa 1956 shekara 110, na 1957 zuwa 15 ga Fabrairun 1972 kuma har 15 ga Fabrairun 2067. Wannan na naɗin ne kawai, kiɗan da kalmomin suna da nasu haƙƙin daban. Saboda haka kundi ne za a wallafa, sautin yana rumbu don nazari.

Na gaba Songfest ta Bernstein, ta 1977, mai mawaƙa shida da waƙoƙi goma sha biyu, wadda za ta buƙaci a rubuta wanda ya rera kowace waƙa a layinta. Bayanta Prayers of Kierkegaard ta Barber. Ana kuma neman bugun Steber na farko mai inci 10 da ya fi na hannunmu lafiya, domin namu ya ci rauni a minti biyun ƙarshe.